Haɗa fanni biyu a D&D: mai raba daidai ke shan wahala, mai ɗanɗano ke cin riba

'Yan uwa masu buga Dungeons & Dragons a nan Sakkwato, da waɗanda suka shigo harkar ta ƙofar wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 tun fitowarsa a 2023, ina da magana kan dokar haɗa fanni ga masu sihiri. Ga wanda bai san wasan ba, labari ne ake ƙagawa a bakin tebur, da takarda da fensir da dayis, kowa da jarumin da yake jan ragamarsa. Kowane jarumi yana da fanni, wato sana'arsa a wasan, yana hawa mataki-mataki a cikinsa; haɗa fanni shi ne ya raba matakansa tsakanin fanni biyu ko fiye. Ba a sa kuɗi, sihirin kuma lissafi ne a kan takarda.

Ra'ayina shi ne jadawalin guraben sihiri da ke cikin littafin 'yan wasa na 2014 ba shi da laifi. Gurbi dama ce ta yin sihiri sau ɗaya, kuma gurabe da sihiri duk daraja-daraja ne. Ɓarnar tana matakin farko da na biyu na wasu fannoni, inda aka jibge kaya masu yawa a bakin ƙofa. Duk DM, wato mai jan wasa, da ya hana haɗa fanni gaba ɗaya don gudun rigima, ya hukunta wanda bai ci ba bai sha ba.

Ga yadda dokar take a littafin na 2014. Idan jaruminka yana da fanni biyu masu sihiri, sai ka tara matakanka na Wizad, Kilarik, Duruwid, Sosara da Bad gaba ɗayansu, ka ƙara rabin na Faladin da Renja, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku na fannin mayaƙi ko na ɓarawo idan ya ɗauki reshen sihiri a cikin fannin. Abin da ya fito shi zai nuna maka yawan gurabenka. Amma sihirin da ka sani, kowane fanni ana lissafa shi shi kaɗai, kamar ba ka da ɗayan. A nan ne mutane ke tuntuɓe.

A teburinmu na Mabera akwai wani ƙanen abokina da ya gina jarumi mai mataki 3 a Wizad, 3 a Kilarik. Labarin da ya rubuta masa ya burge kowa: almajirin ɗakin karatu ne da annoba ta cinye garinsu, ya koma neman ilimin warkarwa. Ran da suka kai mataki na 6, ya duba takardarsa ya ga gurabe uku na daraja ta uku, ya ɗauko fensir zai rubuta Fayabol, sihirin ƙwallon wuta na daraja ta uku. DM ya buɗe littafin a wayarsa ya nuna masa layin. Wizad sai ya kai mataki na 5 yake samun sihirin daraja ta uku, shi kuwa yana na 3. Yaron ya ajiye fensirin ya ce, "Yaya, to wanga gurbi na mi ne?" Amsar ita ce ya zuba ƙaramin sihiri a ciki ya ɗan ƙara masa ƙarfi. Wanda ya tsaya Wizad zalla kuwa tun mataki ɗaya baya yake watsa dayis takwas masu fuska shida a kan duk wanda wutar ta rutsa da shi.

A teburin nan dai akwai mai Sosara 4, Walok 2. Shi ma ba shi da Fayabol, amma ko a jikinsa. Eldritch Blast, sihirin harbi da ya samo daga fannin Walok, ba ya cin gurbi, kuma ƙarfinsa yana bin jimillar matakin jarumi ne: harbi biyu a mataki na 5, uku a na 11, huɗu a na 17, ko da Walok ɗin ya tsaya a 2 har abada. A mataki na 2 ɗin nan ne yake samun damar ɗora makin kwarjininsa a kan kowane harbi. Sai ya kashe biyu daga makin da Sosara ke da shi na sarrafa sihiri ya maimaita a zagaye guda, harbi huɗu ke nan. Dayis mai fuska goma ne kowane harbi, idan kwarjininsa 18 ne a ƙara 4, matsakaici ya kama 38 in duk sun samu. Guraben Walok kuma suna dawowa bayan hutun awa ɗaya, ya narkar da su su koma makin Sosara, ya sake. Masu wasa a ƙasashen waje har suna suka raɗa wa wanda ya kai wannan dabara ƙarshe, mai ƙin barci yana tara gurabe.

Ku dubi bambancin da idon basira. Na farko yana buƙatar basira da hikima duka biyun, kowanne aƙalla 13 kafin doka ta bar shi ya haɗa, kuma in yana son sihirinsa ya riƙa kamawa dole ya ɗaga su sama da haka, ya raba makinsa gida biyu. Na biyu kwarjini kaɗai yake ginawa, don Bad da Faladin da Sosara da Walok duk a kansa suke tafiya. Fannoni huɗu a rijiya ɗaya. Da Hexblade, wani reshen Walok, ya fito a littafin Xanathar na 2017 sai abin ya ƙara ta'azzara, mataki ɗaya tak ya ba ka sulke matsakaici da garkuwa, ya kuma bar ka ka sari abokin gaba da makin kwarjini. Faladin nawa ne suka leƙa can suka dawo?

Wasu za su ce ai mai ɗanɗano ma yana biya, tunda ya jinkirta manyan sihirinsa kuma ba zai ga kyautar mataki na 20, matakin ƙarshe, ba. Jinkirin gaskiya ne, kuma shi ne ginshiƙin da ya riƙe tsarin. Amma zancen mataki na 20, mu faɗa wa juna gaskiya. Wane tebur ne a garin nan ya kai can? Wannan ya koma makaranta, wancan an tura shi bautar ƙasa, zafin Afrilu ya zo babu wuta kowa ya watse. Baldur's Gate 3 ma a mataki na 12 ya tsaya. Farashin da sai a ƙarshen tafiya ake biyansa, mafi yawanmu ba za mu taɓa biya ba.

Masu tsara wasan sun daɗe suna kokawa da wannan. A bugu na uku na shekarar 2000, matakan sihiri ba sa haɗuwa ko kaɗan, mai raba biyu ya zama rabin wannan rabin wancan, har sai da aka samar da fanni na musamman, Mystic Theurge, don a ɗinke ɓarakar. Pathfinder bugu na biyu, na kamfanin Paizo a 2019, ya bi wata hanya: fanninka na asali ba ya tsayawa, na biyun kuma kana sayensa ne kaɗan-kaɗan da zaɓin ƙwarewa. Gyaran da Wizards of the Coast, kamfanin da ke buga wasan, suka yi a 2024 ya mayar da zaɓen reshe zuwa mataki na 3 ga kowane fanni, wanda ya nuna su ma bakin ƙofar suka gano. Sun kyauta. Sai dai almajirin nan mai Wizad da Kilarik yana nan inda aka bar shi.

Abin da nake roƙon masu jan wasa shi ne ku bar jadawalin gurabe yadda yake, ku taɓa wuri biyu kawai a ɓangaren mai ɗanɗano. Yawan harbin Eldritch Blast ya bi matakin Walok, wanda yake son harbi huɗu ya zauna a fannin ya yi masa hidima. Guraben Walok kuma kada a narkar da su zuwa makin Sosara. Wannan kaɗai ya kashe rabin rigimar da ake yi, kuma bai hana kowa haɗawa ba.

Shi kuwa mai raba daidai, a ɗan buɗa masa. Idan tazarar da ke tsakanin fannoninsa biyu ba ta wuce mataki ɗaya ba, a bar shi ya zaɓi sihiri guda ɗaya, ɗaya rak, daga darajar da ke ƙasa da gurbinsa mafi girma. Mai Wizad 4, Kilarik 3 yana da gurbin daraja ta huɗu, to ya ɗauki ɗaya daga ta uku. Zai samu Fayabol ɗinsa a mataki na 7, alhali Wizad zalla ya samu a na 5 kuma a lokacin ya riga ya shiga daraja ta huɗu. Mai fanni ɗaya bai rasa fifikonsa ba, wanda ya raba don labari kuma ba zai zauna yana kallon gurbin da ba shi da abin zubawa ba.

Sharaɗi ɗaya: a faɗi waɗannan dokoki a zaman farko, kafin kowa ya cika takardarsa. Canja wa mutum doka bayan ya shafe watanni yana gina jarumi a kanta zalunci ne, ko da shi ne mai harbi huɗun. Wanda ya gwada wannan gyara a teburinsa, musamman daga mataki na 9 zuwa sama inda sihirin daraja ta biyar ke shigowa, don Allah ya sanar da ni yadda ta kaya.