Ba tsohon goge ne ke yin gwani ba

Na gaji da jin ana cewa daɗin kiɗan gwanayen gogen Turawa, wato bayolin, daga tsohon gogen yake fitowa. Masu faɗa suna da hujja: waɗanda Antonio Stradivari ya ƙera a Italiya kafin rasuwarsa a 1737, miliyoyin daloli ake sayensu.

Amma a 2012, a Faransa, an sa wa ƙwararru 10 tabarau mai duhu, aka ba su tsofaffi 6 da sababbi 6 su gwada. Shida suka zaɓi sabo. Daɗin kiɗa a hannun makaɗi yake: wuyan bayolin sumul yake, ba alamar inda yatsa zai sauka; ya goce kaɗan, sauti ya karkace. Shi ya sa yawancin gwanaye tun suna yara suke fara atisaye, kullum sa'o'i.