Kafin ka danna tura: nasiha ga matasan Zamfara

'Yan'uwana samari da 'yan mata, akwai al'adar da waya ke cinyewa, kuma da hannunmu muke miƙa mata. A garuruwanmu ba kowa ke kai labarin rasuwa ba. Dattijo ake tura wa, ko malami, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, ya fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, sannan ya faɗa a hankali. Yanzu mota na kifewa a hanyar Gusau zuwa Funtuwa, kafin a kai mutum asibiti hotonsa ya hau sitatus. Uwa na tsakar gida tana tankaɗe, yaro ya miƙo mata waya. Wannan zalunci ne. Kada ka saka sanarwar mutuwa sai iyalin mamacin sun fitar da ita tare da lokacin jana'iza. Hoton gawa kuwa, ta hatsari ce ko ta hari, ba a saka shi ko bayan an sanar.

Sai jita-jitar hari, wadda ta fi yi mana ɓarna. Za ka ji saƙon murya, mutum na haki: "Ga su nan sun taso, a watsa!" Ba sunansa, ba sunan ƙauye, ba rana. Irin wannan saƙo ba ya tsufa, na bara kan dawo bana, a watse kasuwa, mata su kwana a daji da goyo. Ranar da gargaɗin gaskiya ya zo kuma, an riga an gaji da gudu. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat, aya ta 6, da mu nemi tabbaci kafin mu ɗauki labari, kuma ga yadda ake yi. Dubi saman saƙon: kibiya biyu na nufin ya bi hannu biyar ko fiye, wato wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Tambaye shi wa ya faɗa, a ina, yaushe. Idan bai da amsa, saƙon ya tsaya a wayarka. Idan yana da ita, kira wani da ka sani a garin, in ta tabbata a fara sanar da mai unguwa da jami'an tsaro. Hoto kuwa, saka shi a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa, sau da yawa za ka tarar tsoho ne ko na wata ƙasa. Mai kula da zauren WhatsApp, lokacin zaman ɗar-ɗar ka canza saiti ya zama ku masu kula kaɗai ke iya rubutu.

Ko labarin gaskiya ba kowanne ake sakawa ba. Ka ga motocin soja ko Askarawa, wato jami'an tsaron al'umma na jihar, sun wuce, kada ka ɗauka. Zauren da ke da mutum 300 ba ka san kunnen wa ke ciki ba, 'yan bindiga ma na da waya da masu kai musu rahoto. Haka buhunan da ka noma, shanun da ka sayar a Talata Mafara, ko ranar da za ka kama hanya. Ku tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda yadda ɓarayin daji ke amfani da waya. Masu POS suka zauna, mutane na tafiya har Funtuwa don kira ɗaya.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, da aka gyara a 2024, ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira miliyan 7, ga wanda ya tura ƙarya da gangan don tada fitina ko jefa rai cikin haɗari.

Kuma ka kulle WhatsApp ɗinka, kada a yi ƙarya da sunanka. Lambobi 6 da ke shigowa ta tes ba a karanta wa kowa, ko ya ce taron zaure za a yi. Shiga saitin asusu yau, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka zaɓi lambar sirri da ba ranar haihuwarka ba.