Tuje nawa suka rage a dajin Bauchi?

Tambayi kowane tsohon maharbi a Alƙaleri ko Duguri, zai ce maka tuje ya yi wuyar gani. Gaskiya ya faɗa, amma ba a tsara kariya sai da adadi, kuma adadin tuje ba ya samuwa daga tagar mota.

Tuje ba mai saurin tashi ba ne. Da ya hango mutum sai ya lafe cikin ciyawa, ko ya sulale da ƙafa. Macen kuwa ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa a ƙasa, ba sheƙa, in ta kwanta a kai launinta ya saje da wurin. Wanda ya zaga Yankari ya ce ya ga shida, abin da idonsa ya kama kawai ya faɗa, a dajin da ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Aikin daga taswira yake farawa. A ja layuka a warwatse, kowanne kamar kilomita 5, kada a bi titi don sauƙi. Mutum biyu su taka layin daga fitowar rana zuwa hantsi. Duk tujen da aka gani, a auna nisansa daga layin kansa, kuma daga inda aka fara hango shi, kafin ya matsa. Wannan awon shi ne zuciyar aikin, domin yadda gani ke raguwa da nisa shi ke nuna nawa ake tsallakewa. Misali, in an taka kilomita 100, lissafi ya nuna ido na cin mita 200 a kowane gefe, an rufe murabba'in kilomita 40 ke nan. Tuje 8 a ciki na nufin ɗaya a kowane murabba'in kilomita 5. Sai dai 8 sun yi kaɗan a dogara da su: masana kan nemi a ci karo da tsuntsun sau 60 zuwa 80, don haka dole a tara na shekaru.

Lokaci ma yana ruɗi. Tuje na son wurin da aka ƙone saboda fara da ƙwari, ƙirga a can sai ya kumbura adadi. Hazo kuwa rage gani yake yi. Ga shi tsuntsun na ƙaura da ruwan sama, shi ya sa ake tsayar da wata ɗaya kowace shekara.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne neman ƙwai. Da an tashi uwar, rana da hankaka sun samu.

Cibiyar APLORI da ke Jos tana horar da masu binciken tsuntsaye. Ya kamata gwamnatin Bauchi ta haɗa ɗaliban cibiyar da maharban da suka san inda namijin ke kumbura farin wuyansa lokacin neman mace, a biya su ladan jagora.