Kafin ka kai motarka musaya, ɗan'uwa

'Yan'uwana matasa, musamman waɗanda Allah ya buɗa wa kwanan nan har suka shiga sabuwar mota, ina so mu yi magana a kan wata asara da muke tafkawa ba mu sani ba. Kuɗin mai muna jin zafinsa duk lokacin da muka tsaya a gidan mai. Kuɗin bakanike da na inshora da na taya duk suna fita daga aljihu muna kallo. Faɗuwar darajar mota kuwa ba ta zuwa da rasit. Kullum tana cin kuɗinka, ko motar na tafiya ko tana ajiye an lulluɓe ta, kuma a shekarun farko sau da yawa ta fi duk sauran kuɗaɗen nan yawa. Ranar da za ka gan ta ido da ido ita ce ranar da ka kai motar wurin dila kana son a canza maka da wata.

Duk wanda ya taɓa zuwa ya san yadda ake yi. Mai kimantawa zai zagaya motar a hankali, ya shafa fenti da tafin hannu, ya tsuguna ya duba taya, ya kunna ta ya kalli kilomitar da ta ci, ya nemi takardun sabis. Kai kuma kana tsaye kana cewa ai shekararta ɗaya kacal, ko ƙamshin sabunta bai gama fita ba. Sai ya rubuta adadi a takarda ya turo maka, ka ji gabanka ya faɗi. A nan ne da yawa daga cikinmu suke cewa an raina musu hankali. Wani lokacin gaskiya ne, ana taya mota da mugunta. Amma galibi abin da ke takardar lissafin kasuwa ne. Dila a farashin sari yake saya, irin wanda zai samu motar a gwanjo, domin zai gyara ta, ya wanke, ya ajiye ta makonni ko watanni kuɗinsa na kwance, sannan ya ci riba. Masu lissafin wannan harka sukan ce sabuwar mota tana rasa wajen kashi 20 cikin ɗari na kuɗinta a shekarar farko, kuma kafin ta cika shekara 5 yawanci ta rasa kusan rabi, wata ma fiye. A kan wannan faɗuwar ne dila yake ƙara zaftare nasa.

Me ya sa motar da ba abin da ya same ta take faɗuwa haka? Mai saye yana da zaɓi. In bambancin kuɗin kaɗan ne, gara ya ƙara ya sayi sabuwa dal mai cikakken garanti, kalar da yake so, ba wanda ya taɓa zama a kujerarta. Sannan akwai zargi. Wani masanin tattalin arziki, George Akerlof, ya yi bayanin wannan tun 1970, kuma aikin yana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001: mai sayarwa ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba, don haka mai saye yana rage kuɗi saboda tsoron ɓoyayyen aibi. Ko kai ne aka kawo wa mota 'yar wata takwas, tambayarka ta farko ita ce, me ya gani a jikinta da yake son rabuwa da ita? Motarka lafiyayya tana biyan kuɗin zargin da marasa lafiya suka jawo.

Abin da ya ruɗe mu, a ganina, shi ne abin da ya faru bayan annobar korona. An samu ƙarancin ƙananan na'urorin kwamfuta da ake saka wa motoci, masana'antu suka rage aiki, sababbin motoci suka yi wuyar samu. A Amurka, daga Janairun 2021 zuwa Janairun 2022 farashin motocin hannu ya tashi da kusan kashi 40 cikin ɗari. Akwai waɗanda suka hau mota shekara guda suka sayar a kan abin da suka saya, wasu har da riba. Wanda ya fara sanin mota a wannan tsakanin sai ya ɗauka haka duniya take, mota kadara ce kamar fili. Ba a daɗe ba masana'antu suka farfaɗo, babban bankin Amurka ya fara ƙara kuɗin ruwa daga Maris 2022, sauran manyan bankuna ma suka bi wannan hanya, bashin mota ya yi tsada, masu saye suka ja baya. Waɗanda suka saya a ƙololuwar tsada su ne suka fi shan wuya, domin faɗuwa biyu ta haɗu musu: ta tsufan mota da ta saukar kasuwa.

Masu motocin lantarki sun ga abin da ya fi haka. A Janairun 2023 kamfanin Tesla ya karya farashin sababbin motocinsa, har wani samfurin Model Y a Amurka ya sauko daga dala 65,990 zuwa 52,990 a dare ɗaya. Ka yi tunanin wanda ya saya mako biyu kafin nan. Motarsa ba ta yi karo ba, ba ta lalace ba, amma wa zai ba shi kuɗin da ya fi na sabuwa? A Janairun 2024 kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar da zai sayar da motocin lantarki kusan 20,000, yana kukan tsadar gyara da faɗuwar daraja, kuma zubo su kasuwa ya ƙara danne farashin na hannu. Ba ina kushe motar lantarki ba ne. Ina nuna maka cewa darajar motarka tana hannun mutanen da ba su san da zamanka ba, kuma shawara ɗaya a ofishinsu ta isa ta cinye abin da ka yi shekara kana tarawa.

Inda abin ya fi ba ni tsoro shi ne inda bashi ya shigo. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce kuɗin mota 100 ne, ka ba da kafin alƙalami 10, ka ci bashin 90 na wata 84 da kuɗin ruwa kashi 9 a shekara. Bayan shekara guda ka biya wajen 17, amma bashin bai ragu da 17 ba, domin a farko kuɗin ruwa ne yake cin kaso mai yawa. Saura kusan 80 a kanka. Motar a kasuwa ta dawo 80, dila kuma ya taya 72. Ka fitar da 27 daga aljihunka, ka miƙa makulli, kuma har yanzu ana bin ka 8. A nan ne mai sayarwa zai yi murmushi ya ce kada ka damu, za a haɗa ragowar cikin sabon bashi, biyanka na wata ma ba zai ƙaru sosai ba. Gaskiya ya faɗa, ba zai ƙaru sosai ba, saboda an ƙara tsawon shekarun. Ka fita da sabuwar mota kana biyan kuɗin ruwa a kan wadda wani yake hawa. In ka sake yin haka bayan shekara biyu, giɓin ya ƙara faɗi. In kuma tsautsayi ya sa motar ta yi haɗarin da ba ta gyaruwa, inshora darajar kasuwa take biya, ba ruwanta da abin da banki ke bin ka.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, kaɗan ne a cikinmu suke canza mota 'yar shekara ɗaya don buƙata. An canza fitilun gaba, an ƙara girman allon da ke gaban direba, aboki ya fito da sabon samfuri, sai zuciya ta fara raya mana cewa tamu ta tsufa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mutanen da kake son burgewa za su yi maka Allah sanya alheri na mako ɗaya su wuce harkarsu, ranar biyan banki kuwa ba wanda zai kira ka. Na fi jin takaicin wannan idan na ga matashi mai sana'a da jarinsa ke neman ƙari, ko mai iyalin da kuɗin makaranta ke jiransa, yana zuba kuɗi a ciko duk bayan shekara.

In ka riga ka sayi sabuwa, to ka riƙe ta. Asara mafi girma ka riga ka biya ta, shekarun da ke tafe su ne masu sauƙi, kuma a cikinsu ne za ka ci moriyar kuɗinka. Ka yi sabis a kan lokaci, ka adana kowace takarda, domin mai saye yana ƙara kuɗi in ya ga tarihin mota a rubuce. In ba ka saya ba tukuna, mota mai shekara 3 ko 4 da aka kula da ita ta fi maka, wani ya riga ya ɗauke maka kaso mafi nauyi. Ka kuma sani ba duk motoci ke faɗuwa daidai ba: manyan motocin alfarma sun fi saurin zubewa, irin su Toyota da Honda kuma an san su da riƙe daraja.

In kuwa canjin ya zama dole, iyali sun ƙaru ko aiki ya sauya, kada ka bari a haɗa maka lissafi a dunƙule. Ka fara tambayar banki ainihin abin da ya rage a kanka. Ka kai motar wurare biyu ko uku a taya, ka kuma duba abin da za ka samu in ka sayar da kanka, wanda yawanci ya fi na dila ko da yake yana cin lokaci. Ka gama cinikin sabuwar tukuna kafin ka ambaci musaya, domin akan ƙara maka a nan a zaftare a can. Idan aka tambaye ka nawa za ka iya biya a wata, ka ce a rubuta maka jimillar abin da za ka biya daga yau har ranar ƙarshe, ka tafi da takardar gida ka kwana a kanta. Idan lissafin ya nuna bashin ya fi motar, ka koma da abarka, ka riƙa ƙara wani abu a kan biyan wata har giɓin ya rufe, sannan ka dawo a yi magana.