Inshorar na biya, amma sai sojan ya buɗe baki

Labarinku ya ce TRICARE, inshorar lafiyar sojojin Amurka, na ɗaukar nauyin jinyar waɗanda ƙwaya ko giya ta kama. Gaskiya ne. Tun 2016 aka cire iyakar da aka sa wa yawan kwanakin jinyar, aka kuma faɗaɗa hanyoyin samun magunguna irin su methadone da buprenorphine, masu kwantar da ƙishirwar ƙwayar. Sojan da ke bakin aiki ko sisi ba ya biya.

Sai dai kun tsallake inda gizo ke saƙa. Ɗan yayata ya dawo daga Afganistan da ciwon baya, aka ɗora shi kan ƙwayar kashe zafi, wasa-wasa ta zame masa jiki. Da ya zo hutu muna cin tuwo, na ga hannunsa na rawa har miya na ɗiga a riga, ga gumi yana keto masa cikin sanyin Disamba. Na ce, "Kai, lafiyarka kuwa?" Ya ce, "Kawu, gajiya ce kawai." Katin inshorar kuwa na cikin aljihunsa. Tsoronsa kada magana ta kai kunnen kwamanda a ce ya zama ragon soja, mu kuma a gida kunya ta rufe mana baki, kowa na cewa a dai yi ta addu'a.

Ya kusa shekara kafin ya yarda ya ga likita. Alhamdu lillahi, yanzu da sauƙi sosai. Don Allah ku yi mana bayani kan wanda ya bar aiki kafin ya cika shekara 20 ta ritaya, shi ina zai dosa?