An kankare lambar inji, an ce mini ƙarfe ƙarfe ne

Shekara huɗu ke nan ina tattara kayan da zan tayar da Peugeot 504 ɗin da mahaifina ya bari, kuma babu wulaƙancin da ban gani ba a hannun masu sayar da kayan gyara, amma na ranar Asabar a Garwa ya fi kowanne ƙona mini rai. Motar ƙirar TI ce, mai injin XN2 na cc 1971, daga dangin motar da ta lashe gasar Safari ta Kenya a 1975. Bulok ɗinta, wato gangar jikin injin, shi ne ya tsage, shi ya sa na biya sefa 180,000 aka kawo mini wani na hannu da silindoginsa a ciki.

Da bakanikena ya wanke shi da kananzir ya sa ma'auni, sai ya tarar faɗin silinda milimita 84 ne. Na motata 88 ne. Wato na ƙaramin injin 504 mai suna XM aka ba ni, mai cc 1796, wanda a ido da wuya ka bambanta shi da namu. Muka duba inda ake buga lamba, sai ga wurin an goge shi fes da dutsen wāshi, har yana ƙyalli a tsakiyar tsatsa.

Na ɗora shi a amalanke na koma shagon. Na yi sallama sau biyu kafin yaron ya ɗago kai daga wayarsa. Na ce: "Ɗana, wannan ba shi ne na saya ba, ga abin da muka auna." Ko takardar bai karɓa ba, ya ce: "Baba, ba na 504 ka ce ba? To ga na 504 nan." Na yi masa bayani a natse cewa fistin ɗin da na sayo daga Mubi na 88 ne, ba zai shiga ramin 84 ba. Ya yi dariya, ya juya ga abokansa ya ce milimita huɗu ce ta hana tsoho barci. Da na tambaye shi wanda ya goge lambar, sai ya ce: "Ƙarfe ƙarfe ne, Baba. In sabo kake so, ka tafi Faransa." Sannan ya nuna mini rubutun da ke bango, wai kayan da ya fita ba ya dawowa. Na haifi wanda ya girme shi, amma a gaban mutane ya mayar da ni abin dariya a kan kuɗina.

Ba shi kaɗai nake zargi ba. Injinan nan daga Duwala suke tasowa, su ratsa Ngaundare su iso mu, kuma a kowane shinge ana karɓar kuɗi, amma babu jami'i ɗaya da ke sunkuyawa ya duba ko lambar tana nan. Gobe in na ɗaura bulok marar lamba, ni za a tsare a hanya a ce na nuna inda na samo shi, mai shagon kuwa yana zaune lafiya. Babu inda talaka zai kai ƙarar sefa 180,000 ba tare da ya kashe rabinsu ba, mu kuma mun saba da cewa a yi haƙuri har mai cuta ya daina jin kunya.

Bulok ɗin yana zaure a lulluɓe da buhu, kuma ranar Litinin zan kai maganar gaban shugaban 'yan kasuwar tare da bakanikena da ma'auninsa.