Zaren Rakhi da gonar da ba mu raba ba

Shekarata uku ina karatu a Jaipur, babban birnin jihar Rajastan ta Indiya, kuma duk damina sai bikin Raksha Bandhan ya taɓa min zuciya. Ana yin sa ranar da farin wata ya cika a watan Shrawan na kalandar Hindu, galibi cikin Agusta. Tun saura makonni Bapu Bazar ke cika da zaruruwa masu ado da ake kira rakhi, masu kayan zaƙi kuma su jera gewar, wani faifan alkaki mai ƙofofi kamar saƙar zuma. Ranar bikin mace za ta ɗiga wa ɗan'uwanta jan kwalli a goshi, ta ɗaura masa zaren a hannun dama, ta sa masa zaƙi a baki. Shi kuma ya ba ta kuɗi ko tufafi, ya ɗauki alkawarin tsaya mata. Ma'anar sunan ke nan: ɗaurin kariya.

Ba kira nake mu kwaikaya ba. Akwai ibadarsu a ciki, da fitilar da ake zagaya fuska da ita, mu kuwa Musulmi ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tashar mota. A arewacin Indiya akan aurar da yarinya wani ƙauye, don haka ranar nan matan aure ke ɗunguma zuwa gidajen iyayensu, har jihohi irin su Rajastan, Haryana da Uttar Pradesh sukan ɗauke su kyauta a motocin gwamnati. Ba miji ko suruka da ke da bakin hanawa. Kowa ya san rana ce da ake tuna wa duniya cewa matar nan tana da gida, tana da maza a bayanta.

Mu ma ba baya ba ne. Wa ke haɗa kayan ɗaki idan uba ya rasu? Wa ke karɓar ta idan ta yi yaji, ko ta dawo da 'ya'ya uku bayan saki? Yayanta ne. 'Ya'yanta kuma sun san gidan kawu gida ne. Sai dai mun bar abin ga halin mutum. Mai kirki ya yi, marar kirki ya shekara biyar bai taka ƙofar ƙanwarsa ba, alhali bakinsa bai gajiya da cewa zumunta a ƙafa take.

Da na zauna da Indiyawan sosai sai na ga zaren ma yana da nasa rauni. Tun 2005 dokar gadon Hindu ta ba 'ya mace rabo daidai da na ɗa namiji a dukiyar gida. Amma a nan Rajastan akwai abin da suke kira hak tiyag: mace ta sa hannu ta sallama wa 'yan'uwanta maza kasonta na fili, don kada zumunci ya lalace, don ta ci gaba da samun inda za ta kai zarenta. Wata abokiyar karatuna ta ce haka mahaifiyarta ta yi, kuma yanzu duk shekara kawunnanta kan ba ta sari ɗaya, wato zanen matan Indiya.

Jikina ya yi sanyi, domin na san wannan labari da Hausa. Allah da kansa ya yanka wa 'ya mace kasonta a Suratun Nisa'i, aya ta 11, amma gonaki nawa ne a Katsina da Zamfara ke hannun maza da sunan "ba a raba ba tukuna"? Tamu na ciki. Shekara bakwai da rasuwar Baba, mu maza muna nomawa, 'yan'uwanmu mata biyu kuwa sai buhun masara da kaka da atamfar Sallah. Ba su taɓa tambaya ba, kunya ta hana su, mu kuma muka ɗauki shirun a matsayin yarda.

Daren bikin bana na kira babban wanmu. Bayan gaisuwa na ce, "Yaya, idan na zo hutu ina so a kira malam a raba gonar nan." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke, sannan ya ce, "Allah ya kai mu."